Kwana Taran da Yaya Isiya Ya Yi Shiru

Shekara ashirin da biyu ke nan cif a wannan watan da muka kai yayana Isiyaku makwancinsa a Burumburum. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Duk shekara in watan ya kama sai 'ya'yansa su ce in rubuta wani abu a kansa, tunda ni ne na yi ajin yaƙi da jahilci a gidanmu, ni kuwa in yi ta kauce-kauce. Bana na ga ƙafa ta yi nauyi, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma kusan duk sun kwanta dama, na ce gara in faɗa da bakina. Yaran garinmu Isiya makaho suka taso suka sani, mai zama a maƙera yana zuga wuta. Ba su san an yi zamanin da in ya hau keke har mata ke leƙowa ta kan danga ba.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Gyaɗa ta yi albarka, samari suka sayi kekuna, kuma kun san saurayi da sabon abu. Daga gardamar wa ya fi wa gudu aka koma tsere na sosai. In an gama kaka, duk 'yan makonni sai a haɗu ran kasuwar wani gari, a share fili a bayan kasuwa, a zana da'ira da toka, a yi zagaye goma. Filin ba shi da girma, kafin ka gama miƙewa kwana ya zo. A shekarar da nake ba ku labari sau biyar aka shirya haɗuwa, aka ce ta ƙarshe a Kiru za a yi, wanda ya ci ta ya tafi da rago.

Gidanmu kaf muka shiga harkar. Babanmu maƙeri ne, shi ke duba mana sarƙa da birki, ba ya barin kowa ya taɓa. Talatu, matar Yaya, ta ɗinka mana taguwoyi iri ɗaya. Ni da Yaya mu ne mahaya. Ya girme ni da shekara shida, shi ne ɗan fari, shi ne kuma wanda Baba ke cewa zai bar wa maƙera da guduma.

Ana saura kwana kaɗan a fara, muna dawowa daga wajen Doguwa, inda Yaya ya yi shekaru yana noman rani a bakin rafi, sai na ga ya bi ta kan kututture da rana tsaka. Na yi masa dariya. Shi bai yi ba. Ya jingine keken, ya ce in zauna. Ya ce tun bara yake jin ƙaiƙayi a jiki, yanzu kuma gefen idonsa ya rufe, abin da ke gabansa sak ne kawai yake gani, shi ma dishi-dishi. Layin toka a ƙasa kuwa sam ba ya ganinsa. "Audu," in ji shi, "ka bar ni in gama tseren bana a matsayin mai ido. Daga nan ni da kaina zan gaya wa Baba. Ka yi mini alkawari ba za a ji daga bakinka ba." Na yi masa. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, kuma ban taɓa ce wa Yaya a'a ba.

Dabarar da muka yi ba ta da wuya. Duk 'yan tsere kan cire ƙararrawa da madigadi da kariya don keke ya yi sauƙi. Ni na bar tawa ƙararrawar. Ina biye da shi a baya kamar jela. In na kaɗa sau ɗaya, kwana ya zo, ya karya hagu. Sau biyu, ya miƙe. In na yi ta kaɗawa ba tsayawa, ya taka birki. Ƙarfin ƙafa nasa ne, ido nawa. Babu wanda ya yi mamakin ganina a baya kullum, don a wurinmu ƙani ba ya shan gaban wansa a hanya, ko a ƙafa ko a keke.

A Ƙofa ya zo na ɗaya. A Bebeji ma haka. A Tudun Wada wani tela ɗan Kiru mai suna Tanimu ya tsere masa da tsawon taya, a garinmu kuma Yaya ya rama. Mutane na ta kirari, ni kuwa ban taɓa jin daɗin ko ɗaya ba, wallahi. In yatsana ya makara da ƙiftawar ido, ɗan farin Baba ne zai shiga cikin 'yan kallo ko ya rungumi bishiya. Ga tsokana: ana ce mini ɗan rakiya, ana ce mini mai tallar ƙararrawa. Na shanye, ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sau biyu na roƙe shi mu tsaya haka, ya ce saura ƙiris.

Yanzu in na zauna a ƙofar gida ina kallon 'yan acaɓa ran ɗaurin aure, suna ɗaga tayar gaba suna juyi a tsakar titi, nakan ce da Yaya na nan me zai ce? Na san da farko zai yi tsaki ya ce inji ne ke gudun, ba su ba. Daga baya kuma zai matso ya tambaye ni a hankali wanne ya fi iya kwana. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 'yar ƙwayar maganin nan da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna rabawa saboda ciwon idon bakin rafi. Ran da aka fara miƙo mini ita a tafin hannu na daɗe ina kallonta. Abin da bai kai ƙwayar wake ba. Da ta zo a zamaninmu, da ban sami labarin da zan ba ku ba, kuma da na fi son haka.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne bakin mutane. Mu 'ya'yan maƙera ne, maƙera kuwa an san su da asiri. Magana ta bazu cewa Baba ya ɗura laya a cikin ƙararrawata, in na kaɗa ta sai ƙafafun abokan tsere su mutu. Wani malami ya ba su shawara cewa maganin ƙara, ƙara. Ran tseren Kiru muka iso fili, na duba layi. Kekuna goma sha ɗaya, kowanne da ƙararrawa sabuwa fil a ka, irin tawa sak, daga kanti ɗaya a Kano.

Filin na Kiru kuma yana da nasa mugun wurin. A bayan kwanar yamma akwai ramin da masu aikin hanya suka haƙa suna ɗibar marmara, zurfinsa ya fi gaba biyu, ƙasansa duwatsu. Mai ido ba ruwansa, sai ya karya hagu ya wuce. Wanda ya miƙe kuwa sai dai a sauka a ɗauko shi.

Na ja Yaya gefe na gaya masa abin da na gani. Na ce mu ce cikinsa ne ke ciwo. Ya juya wajen da Baba ke tsugune yana ɗiga wa sarƙa mai, ga Talatu da matan gidanmu sun yo tafiya tun daga Burumburum. Ya ce, "Na san muryar ƙararrawar taka a cikin dubu." Na ce, "Yaya, ni kaina ban san ta ba." Ya hau kekensa.

Aka busa usur, ƙararrawa goma sha ɗaya suka kaure gaba ɗaya. Ko kukan tawa ba na ji. Zagaye shida na farko Allah Ya rufa asiri, don Tanimu ne a gaba da farar riga, Yaya ya liƙe masa, inda farin ya karya nan yake karyawa. Na riƙa addu'a a zuci Allah Ya sa ya haƙura da na biyu. Ina! A zagaye na bakwai na ga ya miƙe tsaye a kan feda. Ya wuce Tanimu a miƙaƙƙen wuri, fili ya ɗauki sowa, gabansa babu kowa sai ranar la'asar da ke dukan fuskarsa. Kwanar yamma na matsowa. Na kaɗa sau ɗaya. Bai karya ba. Na yi ta kaɗawa. Bai taɓa birki ba.

Nan wurin mutane suke tambayata me ya hana in ɗaga murya in ce masa hagu. Na sha tambayar kaina. Ko da na yi, ban san ko zai ji ba. Amma gaskiyar ita ce alkawarin ne ya riƙe mini harshe, ƙafafuna kuma suka yi abin da suka ga dama. Na taka da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na bi ta damansa, na shiga tsakaninsa da ramin, na sa kafaɗa na banke shi hagu. Muka zube tare, kekuna a kanmu. Da na ɗaga kai, tayata ta baya na lilo a bakin ramin.

Hannunsa na dama ya karye, ni gwiwata ta tsage. Tanimu ya tafi da rago. Abin da jama'a suka gani kuwa shi ne ƙani ya gaji da zama a baya, hassada ta ci shi, ya nemi shan gaban wansa har ya karya shi. Da ni ne a cikin 'yan kallo, haka zan ce. Baba bai daka mini tsawa ba, ya bari sai da muka isa gida, mai ɗori ya gama aikinsa. Sannan ya ce, a gaban kowa, "Audu, kada ƙafarka ta ƙara taka maƙerata." Na dubi Yaya. Yana kwance a tabarma, fuskarsa na kallon bango.

Na ɗauka washegari zai yi magana. Bai yi ba. Jibi ma haka. Talatu ta daina amsa gaisuwata, in ta zuba tuwo sai ta tura mini akushi da ƙafa. A masallaci wanda ke kusa da ni a sahu sai ya ɗan matsa. Gidan yarinyar da nake nema suka aiko a dakata tukuna. Kalma ɗaya ce tsakanina da wanke kaina, tana bakina safe da yamma, ina haɗiye ta. Alkawari kaya ne, na ji nauyinsa a wuyana. Ba zan ɓoye muku ba, a cikin kwanakin nan na tsani yayana. A rana ta takwas na ɗaure 'yan tsummokarana, na yanke in bi motar gyaɗa zuwa Kano in ba a ga canji ba.

Rana ta tara da hantsi mai ɗori ya dawo duba hannun. Ana zaune a zaure, Baba na nan, ƙannensa biyu na nan. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da ƙullina, na zo sallama, ina jiran a ba ni fuska. Sai na ji Yaya ya ce, "Baba, a aika a kira Audu." Baba ya ce, "Wane irin a kira shi? Ga shi nan tsaye tun ɗazu, kana kallonsa." Yaya ya ce, "To, ka ji ke nan, Baba. Ba na ganinsa." Daga nan ya kwashe komai ya faɗa, tun daga kututturen hanyar Doguwa har ramin marmara. Baba ya tashi ya zo ya karɓi ƙullin daga hannuna, ya shiga da shi cikin gida. Irin ban haƙurin iyayenmu ke nan, kuma na karɓa.

Kafin shekara biyu idon ya rufe ruf. Guduma ta dawo hannuna, shi ya koma zuga, muka yi shekara talatin da wani abu a haka, gwiwa da gwiwa. Bai taɓa kuka da makantarsa ba. Kunnensa kawai yake sawa ya ce ƙarfen nan bai nuna ba, in duba in ga haka ne. Ya aurar da 'ya'yansa, ya aurar da nawa. Maganar Kiru kuwa ba mu taɓa tayar da ita ba, ko sau ɗaya.

In aka tambaye ni me ya saura na Yaya, ba zan ce gudu ba, don keken tuni ya zama fartanya, filin kuma gidaje sun cinye shi. Ba zan kuma ce waliyyi ne ba, 'ya'yansa su yi haƙuri. Mutum ne da girman kai ya kusa kashe shi, tsoro ya rufe masa baki kwana tara ƙaninsa na shan wuta, sannan ya buɗe bakin da kansa alhali da ya yi shiru babu mai tona shi. Na ga masu ido da yawa da suka kai shirunsu har kabari.

A ciwon ajalinsa, wata rana da azahar, ya lalubo hannuna. Ya ce, "Audu, da ban faɗa ba, da ka faɗa?" Na ce a'a. Ya ce, "Na sani. Ba tsoron Baba kaɗai ne ya hana ni ba. Na san ba za ka faɗa ba, shi ya sa na kwanta a kanka. Ka yafe mini." Na ce masa haba Yaya, ai na yafe tun tuni.

Ƙarya na yi masa. Sai a ranar na yafe.