Fensirin Kafinta

Kafinta ya haura hamsin kafin ya fara karatu. Yana ɗan shekara tara ubansa ya cire shi daga makaranta ya miƙa masa zarto, tun daga nan ya yi ta ƙera ƙofofi da gadaje har kansa ya yi furfura. Ƙananan surori biyar ya sani, da su ya aurar da 'ya'ya huɗu. Kwatsam wata shekara aka ga ya fara rufe shago bayan la'asar, ya kakkaɓe garin katako daga gemunsa, ya tafi gidan Liman ɗaukar karatu.

Kowa ya yi masa fatan alheri, ban da Na'ibi.

Shi Na'ibi mutum ne da ko gaishe shi ka yi sau biyu sai ya kwana yana neman dalili. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye a bayan Liman, ga shi yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da tsohon a gida, jan salla ya dawo hannunsa. Limanci ya zo har bakin ƙofa, sai kuma wani mai zarto ya tashi karatu?

"Wai don Allah yake yi," ya ce wa matarsa. "Shekara hamsin bai tuna ba sai da Liman ya kwanta?"

"Malam, ka bar bawan Allah ya yi karatunsa mana."

"Ke dai ba ki san mutane ba."

Abin da ya fi tsaya masa a rai fensirin nan ne da ke maƙale a kunnen Kafinta. Duk asuba in an sallame, sai ya ga mutumin a sahun ƙarshe ya zaro guntun katako daga aljihu, ya ɗan yi rubutu, ya mayar. Na'ibi bai yi kokwanto ba: kurakuransa ake tarawa a kai wa Liman. Tsoro ya kama shi sosai. Ya daina amsa gaisuwar Kafinta da kyau, har kujerar gidansa da ta karye ya kai wa wani.

Wata huɗu yana cin wannan wuta, ran nan ya kasa daurewa. Da hantsi ya faɗa shagon ko sallama bai gama ba. Ga guntayen katakon nan jere a kan kanta, tsakanin gwangwanin ƙusa da na gam.

"Malam Kafinta, me kake rubutawa a kaina?"

Kafinta ya ajiye abin goge katako, kunya ta rufe shi.

"A kanka kuma, Malam? A kaina dai. In kana ja ina binka a zuci. Inda nawa ya saɓa da naka sai in sa alama, in dawo in gyara. Kai ma malamina ne, ba ka sani ba ne kawai."

Na'ibi ya ɗauki guntaye yana dubawa. Sunan sura ne da lambar aya, kowanne an ja masa layi alamar an gyara. Guda ɗaya ne babu layi, ya yi baƙi saboda yawan taɓawa.

"Wannan fa?"

"Wannan ya gagare ni." Kafinta ya sunkuyar da kai. "Surar nan da kake yawan ja da asuba. Na duba Alƙur'ani ya fi sau ashirin, ina ganin aya ɗaya a tsakani wadda ba na jin ta a bakinka. Na ce ƙila kunnena ne."

Na'ibi ya buɗe Alƙur'anin da ke kan kantar. Ga ayar nan, layi biyu cur. Allah kaɗai Ya san tun yaushe yake tsallake ta. Rabonsa da ya zauna gaban wani ya saurari karatunsa tun ranar da aka ba shi na'ibanci.

"Ka gaya wa Liman?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Me ya kawo Liman ciki? Ni so nake in na tsaya gaban Ubangijina in karanta maganarSa daidai. Shi ke nan."

Na'ibi ya ɗago kai daga kan ayar. Sannan ya tattara babbar rigarsa, ya zauna a kan bencin da ko gogewa bai yi ba, ya miƙa wa Kafinta Alƙur'anin.

"Riƙe min," ya ce. "Zan ja daga farko. In na tsallake ka tsayar da ni."