Tulun da Na Fitar daga Bayan Ƙofata

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula aka kawo mu unguwar Nasarawa ta Kaduna, a farkon damina, da katifa ɗaya da akwatin littattafai biyu da tukwanena a cikin buhu. Mijina sabon pasto ne, ni kuwa ko ashirin da biyar ban cika ba. Kafin a gama sauke kaya daga mota, wata tsohuwa da ta yi jika da ni ta rusuna ta ce, "Mama, sannu da zuwa." Na waiwaya in ga wace Mamar ce a bayana. Ba kowa, sai katanga da wata akuya.

Daga ranar sunana ya shiga hutu. Dattawan ikilisiya Mama, yara Mama, mai kayan miya na bakin titi Mama. Har mijina, wanda ya sha kiran sunan nan a bakin rafin garinmu lokacin da yake nemana, shi ma ya bi sahu. Ba wanda ya ba ni dokoki a rubuce, amma kafin wata guda na haddace su. Kujerata tana gaba a coci, ba na gyangyaɗi ko da wa'azin ya kai awa biyu. Ɗankwalina ba ya karkata. Ƙofata ba ta rufuwa, tukunyata ba ta mutum biyu ba ce. In an haihu ni ce farkon zuwa, in an mutu ni ce ƙarshen tashi. Dariya kuma a yi ta da baki rufe. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ba ni wuya, domin Allah ya yi ni da baki da kuma zuciya a kusa, a gidanmu ma an san ni da haka.

Gidan pasto yana cikin harabar coci, ɗaki biyu da falo, da bishiyar gwaba a baya. Abin da na fi tunawa shi ne tsakar rana bayan an ɗauke ruwa. Kwanon rufi yana ta ɗiga, tururi yana tashi daga ƙasa, iska tana kawo wani ɗumin wari daga masana'antun Kudenda, rediyon maƙwabta yana ta zancen sabuwar gwamnati da yadda masaƙu za su farfaɗo kowa ya sami aiki. Sai in zauna a dokin ƙofa da tsintar shinkafa a cinya, idona a buɗe amma ni ina can kan duwatsun ƙauyenmu, ina bin 'yan matan da muka tashi tare zuwa itace. Mutane cike da gidan daga safe har yamma, ni kuwa kaɗaici kamar ya kashe ni.

A cocin nan akwai wata al'ada da na tarar. Tulun da matan zumunta suke kaɗawa in suna waƙa, wanda ake bugun bakinsa da soso, ba ya kwana a coci. A ɗakin matar pasto ake ajiye shi, bayan ƙofa, a kan gammon tsumma. Haka matan pastocin da suka riga ni suka yi. Duk Talata da Juma'a mai kaɗa shi za ta zo ta ɗauka kafin a fara koyon waƙa da ƙarfe huɗu, in an tashi ta dawo da shi.

Mai tulun wata 'yar gajeruwa ce mai wushirya, sa'ata ce ko ta girme ni da kaɗan. Mijinta yana aiki a masaƙa, suna haya a unguwar Trikania. Wata rana da ta zo ɗaukarsa ta same ni a bayan gida ina zazzaga wa wata kaza masifa, domin ta kifar mini da garin acca. Na manta da ni Mama ce, na kira kazar da sunayen da ba a faɗa a harabar coci. Ina juyowa na ga mace tsaye da tulu a kafaɗa. Na ce shi ke nan, asirina ya tonu. Sai ta ajiye tulun a hankali, ta riƙe ciki, ta yi dariya har da hawaye.

Da ta huta ta ce, "Ashe mutum ce ke! Ke, wai ba ki da suna ne?"

Na faɗa mata. Ta maimaita shi sau biyu, ta ja ƙarshensa yadda ake ja a wajenmu, domin ashe dutse ɗaya ya raba ƙauyensu da namu. Ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba. Wata huɗu rabon da in ji shi a bakin wani.

Tun daga nan ta fara sammakon zuwa ɗaukar tulu. Ƙarfe uku, ƙarfe biyu, har ya zama da ƙarfe ɗaya nake ɗora tukunyar fate ta mutum biyu. Mu shige bayan gida ƙarƙashin gwaba, ta kwance mini kitso, ta yi mini tsiya a kan yadda nake tafiya ranar Lahadi kamar wadda ta ɗauko ƙwai a ka. Ta koya mini kiɗan ma. Ta ce kada in doke shi, in rufe masa baki ne in sake, shi zai yi maganarsa. In ita ta kaɗa, sautin ba a kunne nake jin sa ba, a ƙirji yake sauka, can ƙasa-ƙasa, dum, dum, kamar daka daga wani gida mai nisa. Sai in lumshe ido. Nasarawa ta tafi, hayaniyar 'yan acaɓa ta tafi, in ga hazon safiya kwance a gindin dutse, in ga uwata tana saukowa da tulun ruwa. Har yau ban tabbata ko barci nake yi a waɗannan ranakun ba. Na dai san ina son matar nan, kuma ita kaɗai ce ƙawata a duk faɗin Kaduna.

Abin ya lalace ne a ƙofar coci. Bayan sujada ni da mijina mukan tsaya a bakin ƙofa mu gaisa da kowa, hannu ɗaya, murmushi ɗaya, "Allah ya ba mu mako mai albarka." Wata Lahadi da layi ya zo kanta, ta raɗa mini cewa kazar nan tana gaishe ni. Dariya ta ƙwace mini, irin ta gidanmu, har muka tafa. Tafawa fa, a gaban dattawa!

Washegari da hantsi sai ga uwar zumunta, wato shugabar matan, tsohuwar nan da ta fara kirana Mama. Ita Mama, ni Mama, haka muke yi. Ta zauna, ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar kowa har da kaji, sannan ta ce, "Mama, mu duka 'ya'yanki ne. In aka ga kina da 'yar gaban goshi, sauran za su ja baya. Akwai wadda take da damuwa a gidanta, sau biyu tana zuwa ƙofar nan tana komawa, wai tana tsoron abin da ta faɗa miki ya kwana a Trikania."

Raina ya ɓaci, domin ko sau ɗaya ban taɓa kai wa ƙawata maganar wani ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Amma na haɗiye, na ce na gode. Da mijina ya dawo na sauke masa duka. Ya saurara, ya shafa kai, ya ce, "Ki yi haƙuri, Mama. Sababbi ne mu, ido yana kanmu. Ki ɗan rage kawai." Na ce, "Ragewa? Ai sai a kwashe duka kowa ya huta!" Ya ce ba haka yake nufi ba. Ni kuwa in zuciyata ta hau, ba na jin kira.

Ranar Talata da safe na ɗauki tulun da hannuna na kai shi ɗakin ajiya na coci, na tura shi tsakanin karyayyun bencina. Na ce wa kaina na mako biyu ne ko uku, kafin surutu ya lafa, kuma su gani su ji kunya. Ƙarfe ɗaya ta shigo tana kiran sunana tun daga bakin harabar. Na tare ta a ƙofa, na gyara ɗankwali, na ce, "Tulu yana coci. Daga yau can za a riƙa ajiye shi." Ta leƙa bayan ƙofar, ta ga gammo shi kaɗai. Ta dube ni. Ta ce, "To." Ta juya ta je ta zauna a cocin ita kaɗai har ƙarfe huɗu, ina hango ta ta taga.

Mako uku suka zama wata uku. Ranar Lahadi ina kujerar gaba, ita tana bayana a kan ɗan benci, ba na waiwaye. Amma daga kiɗan nake sanin yadda ta kwana. Wani lokaci a tsakiyar waƙa sai in ga kamar na tashi, na ratsa mata masu zane iri ɗaya, na zauna kusa da ita, ta matsa mini. Sai a ce amin in farka a kujerata. A ƙofa kuwa hannu ɗaya, murmushi ɗaya, Allah ya ba mu mako mai albarka. Ita ma ta amsa kamar kowa.

Na so in je Trikania, Allah ya sani. Sau nawa na shirya maganar da zan faɗa mata ina wanke-wanke! Amma ziyarar matar pasto bi da bi ake yin ta, layi bayan layi, don kada a ce an tsallake wani. Na fara daga Nasarawa, ina lissafin gidajen da suka rage kafin a kai nata. Yau haihuwa ta katse, gobe rasuwa, jibi wani yana asibiti. Ni da na iya yi wa kaza tijara, na kasa hawa bas in je in ce wa mace ɗaya ta yafe mini. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Saura gida shida aka sallami ma'aikata a masaƙar, har da mijinta. Rediyo bai daina alkawari ba, amma ita da mijinta ba su iya jira ba, suka yanke shawarar komawa gona. Ranar tafiya da safe suka zo, motar kayansu tana jira a bakin titi. Falona cike da mata, mijina ya fita. Ta shigo da zanen tafiya, ta durƙusa a gabana har ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Mama, mun zo sallama. A yi mana addu'a."

Wayyo ni. Wannan Mamar ta fi mari zafi. Na ɗora hannu a kanta, kan da na sha kitsawa, na yi addu'a mai kyau, doguwa, da ayoyi, mata suna ta amin. Na roƙa musu damina mai albarka da lafiyar hanya. Ta tashi, ta saci kallon bayan ƙofa, ta fita. Na raka su iyakar bakin harabar, inda nake raka kowa. Na tsaya ina jira ko za ta waiwayo ta kira ni da wancan sunan, ko sau ɗaya. Ta hau mota ta gyara zama, ta ɗaga wa dukanmu hannu.

Da rana na shiga ɗakin ajiya na jawo tulun. Yanar gizo ta kama shi, kuma gefen bakinsa ya ɗan ɓantare. Na goge shi da gefen zanena, na rungumo shi a gaban kowa, ina jira wani ya yi magana in sauke masa abin da ke cikina. Na mai da shi kan gammonsa. Uwar zumunta tana zaune a falo, ta bi ni da ido, ta ce, "Yauwa, Mama. Dama nan ne wurinsa. Mu fa mun yi ta mamaki, ba wanda ya ce a fitar da tulu."

Na shige ɗaki.

Talata ta zagayo, ruwa ya ɗauke, kwano yana ɗiga. Ƙarfe ɗaya na ɗora tukunyar fate ta mutum biyu. Sai da ta tafasa na tuna.