Dattijo da Haruffan Gilashin Kyamara

A shagon kyamara, wani dattijo mai hoto yana tsaye, kafaɗarsa ɗaya ta karkace saboda rataya jaka. Yana bin ƙananan haruffan bakin gilashin kyamararsa da farce.

"Ɗana, an ce sababbin kyamarori, waɗanda ake kira masu cikakken firam, suna tafe. Harafin nan na nufin gilashina ba zai hau kansu ba?"

"Jita-jita ce, Baba," in ji mai shago, "amma fara yi masa bankwana."

Dattijon bai yi dariya ba. Wataƙila gilashin nan ne ya raini 'ya'yansa.

Ni ma ina tsaye a shagon, ina jinsu. Kyamarar marigayiya 'yata ta lalace, gilashinta kaɗai ya rage. Yana aljihuna. Ina tsoron duba harafinsa, kada ya zama irin na dattijon.