Bajiman da Ba Nawa Ba

Mai unguwarmu ya hana gidana katin ruwa da shirunsa, kuma har gobe ban yafe mashi ba.

A shekarar babban farin nan ne, lokacin da rediyo ke cewa kuɗin fetur sun yi wa gwamnati yawa. Mu dai a ƙauyenmu na bayan Zakka ba mu ga komai ba sai rijiyoyin da suka ƙafe. Aka ce tankar ruwa za ta riƙa zuwa sau biyu a mako, marasa ƙarfi su ɗiba kyauta da kati, masu hali su saya. Wani malamin gwamnati ya zo rubuta sunaye, mai unguwa na kai shi gida-gida.

A lokacin akwai bajimai biyu a turke a ƙofar gidana. Na wani Alhaji ne a Batsari, kiwo ya ba ni, ladana taki da ɗan abin da zai miƙo mani in an sayar. Kowa ya sani. A gaban mai unguwa ma aka damƙa mani igiyarsu.

Malamin ya dubi bajiman ya ce, "Wannan ai mai hali ne." Ya wuce. Na dubi mai unguwa, shi kuma ya dubi ƙasa. A wurinmu talaka ba ya tsoma baki gaban baƙon hukuma, mai unguwa ne bakinsa. Sai na tsaya kamar gunki ina jiran ya gyara zancen. Washegari na sami mai unguwa, ya ce takarda ta riga ta tafi, in yi haƙuri. Daga baya na ga kati a hannun ƙanen matarsa, mai rumbu uku.

Sayen ruwa ya fi ƙarfinmu. Matata ta riƙa tonon yashi a rafi tun safe har rana ta take, ta dawo da rabin tulu. Da yashin ya daina kawo ruwa, muka koma wa tafkin da nake shayar da bajiman, muna tacewa da ɗankwali. Ɗiyarmu ta fari, 'yar shekara huɗu, ta kama amai da gudawa. Kwananta uku ta rasu. Ni na ɗauke ta zuwa makwancinta, ba ta fi ɗan akuya nauyi ba.

Ranar addu'ar uku sai ga mai unguwa, ya zauna kan tabarmata ya ce, "Sai haƙuri, haka Allah ya so."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na san mai abu ne ya karɓi abinsa, ba sai ka faɗa mani ba. Amma da ka buɗe baki ka ce shanun ba nawa ba ne, me zai ragu a jikinka? Ka ci goronka ka tashi. Addu'ar nan ka riƙe ta, kai za ka fi yarinyar buƙata."