Ranar da Kaka Ta Durƙusa

Kakata, mahaifiyar babanmu, ba ta iya karatu ba, amma baki kam Allah ya ba ta. A unguwarmu ta Zango cikin Damagaram, ko mai ga-ruwa ya san in ya zubar mata da ruwa a zaure zai sha magana har ya rasa hanyar fita. Da wannan bakin take mana tatsuniya in sanyi ya shigo. Bayan tuwo mu kewaye wuta a tsakar gida, gyaɗa tana gasuwa cikin toka, ita kuwa ta miƙe ƙafa tana tsokanata.

"Kai mijina, an ce ka haddace ayoyi a makarantar Lahadi? To, ayoyin za su ɗebo min itace?"

Da wannan bakin kuma ta kusa raba mu da mahaifiyarmu. Wata shekara ƙanena Bulus ya rasu, zazzaɓi ya ɗauke shi yana goye. Mama ma'aikaciyar jinya ce, tana wurin aiki lokacin da jikin ya tsananta. A zaman makoki, gaban matan majami'a da maƙwabta, Kaka ta ce wai da uwar yaron ta zauna gida, da bai mutu ba. Da aka watse Mama ta ɗaure kayanta, ta ce za ta koma gidan iyayenta a Takieta, kuma ba da niyyar dawowa ba. Fasto ya zo ya yi dogon wa'azi kan gafara, Baba ya yi lallashi, duk a banza. Mu kuwa a gidan uba za a bar mu.

Ana gobe tafiyar, Kaka ta kira mu bakin wuta kamar ba abin da ya faru. Na zo ne kawai, amma haushinta ya cika min ciki. Mama tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta ɗan juya mana baya.

"Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne," in ji Kaka. Wai wani maigari ne da girman kai ya sandarar masa da wuya, bai taɓa sunkuya wa kowa ba. Ran nan rijiyar garin ta rufta, sai ya tara jama'a ya zagi mai haƙar rijiya tas, alhali ba laifinsa ba ne. Mutumin ya tattara kayan aikinsa zai bar garin, kuma babu wani mai haƙa sai shi. Maigari ya aika masa riga, ya ƙi. Ya aika masu daɗin baki, ya ƙi. Ƙishirwa ta fara kwantar da yara. "Sai maigari ya..."

"Sai ya yi me, Kaka?" in ji ƙanwata Talatu.

"Wannan wurin ba a faɗarsa da baki."

Ta dafa ƙasa ta tashi. Ta sauke tukunyar ruwan ɗumi daga wuta, ta juye a roba, ta nufi Mama tana ɗingishi. A gabanta ta durƙusa, gwiwa biyu. Tsohuwar da Baba kansa sai ya tsuguna yake gaishe ta! Baba ya fito da gudu.

"Inna! Me kike yi haka?"

Mama ta janye ƙafafunta. "Inna, don Allah ki tashi. Wannan ai abin kunya ne gare ni."

"Saratu, ba ni ƙafar nan. Bakina ne ya yi ɓarna, ba zan aike shi gyara ba. Ba ke kika kashe Bulus ba. Na rasa wanda zan ɗora wa ne."

Ta wanke ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta cire kallabinta ta goge su. Ban taɓa ganin kan Kaka a buɗe ba sai ranar, furfura ce fari fat. Talatu ta fashe da kuka don tsoro. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Labarin Yesu yana wanke ƙafafun almajiransa na san shi sarai, har na taɓa faɗarsa da ka gaban jama'a aka tafa min. Bai taɓa zuwa min a rai ba cewa abu ne da ake yi a tsakar gida, da robar wanki, ga surukarka.

Da safe mota ta tafi babu Mama.

Yanzu ni ke koyar da yara ranar Lahadi, kuma duk sanda na ga sun zuba min ido sun haddace, nakan ji tsoro kada abin ya tsaya musu a ka. Bayan rasuwar Kaka na tambayi Mama ko a take ta yafe mata. Ta yi dariya, ta girgiza kai.

"Ina! Na daɗe zuciyata tana ciwo. Amma ta rantse ba za ta tashi ba sai na kwance kayana. Ta yaya zan hau mota in bar tsohuwa a durƙushe?"