Giris ɗin da muka saya a Karaye



Yau na jawo tirelar tarakta cike da masara zan kai Rogo. Wajen Kafin Dafga wani dattijo makiyayi ya tare ni, ya ce, "Ɗana, tsaya, tayarka ta baya kuka take yi."

Na taɓa wajen boris ɗin da tayar take juyawa a kai, ya ƙone mini yatsa. Giris ya narke, yana ɗiga kamar man shanu. Jiya da na je sayen giris ɗin a Karaye, mai shago ya ce mini, "Mai jure zafi ya ƙare, amma wannan ma duk ɗaya ne."

Wannan giris ɗin muka shafa wa tirelar yayana Sale, wanda ya kwashi 'yan kasuwa ya yi gaba zuwa Rogo tun safe. Na lallaɓa na isa Rogo da la'asar. Na tambayi labarin su Sale, ba wanda ya gan su.