Motar da Aka Haɗa Sau Biyu

Kullum bayan sallar asuba za ka ga Malam Munzali bakanike ya fito daga lungunsu a unguwar New Bell ta birnin Douala da batir a kafaɗa, domin motarsa a bakin titi take kwana. Zai ɗaura batirin, ya kasa kunne ga injin kamar mai jinya, sannan ya kwashi mata masu sarin kifi zuwa kasuwar kifi ta Youpwé ta hanyar da tasi ba ta bi da damina.

Shekara ashirin ya yi a garejin wani kamfanin katako. Da tattalin arziki ya karye aka sallame su, abin da ya roƙa kawai shi ne gawar wata tsohuwar kat-kat, mota mai ja da taya huɗu, da aka yar cikin ciyawa. Aka turo ta ta lungu har tsakar gidansa. Shekara huɗu yana kanta. Tsohon duro ya fasa ya yi mata daɓe, robobinta daga tsohuwar taya ya yanko, noti kuwa a bola yake tsinta ya jiƙa a kananzir. Da aka karya darajar kuɗin sefa sabon kaya ya gagari kowa, shi dama bai taɓa sayensa ba. Gidan na rayuwa da ƙosan matarsa Hawwa, kowa na jiran ranar da mota za ta fara ciyar da su.

Ranar ta zo, mota ta tashi, amma ba hanya. A cikin shekarun nan Goggo Asta, maƙwabciyarsa da mijinta ya rasu, ta kafa ɗakin katako a jikin gidanta don 'yarta da jikoki uku da aka kora daga gidan haya. Ɗakin ya ci lungu. Munzali ya ga ana gininsa, ya auna da ido, ya ce motar za ta wuce. Ashe faɗin lungun ya gaza da taki ɗaya.

Mai unguwa ya zo ya duba, ya ce lungu na jama'a ne, a rushe. Matasa har sun kawo guduma. Hawwa ta ga Munzali na ja da baya, ta tare shi a ƙofar ɗaki: "Malam, naka 'ya'yan fa? Su ma ba a gidan gwamna aka haife su ba."

Ya wuce ta ya nufi tsakar gida. Kwana uku yana zagaya motar, ya fita ya sake aunawa, ya dawo. A na huɗu ya ɗauki sifana ya fara kwance ta. Aka fitar da inji a amalanke, gangar jikin kuma maza takwas suka karkata suka ɗauka. Wata biyar yana haɗa ta a bakin titi, ruwan Douala na dukansa, babbar 'yarsa kuma ta rasa shekarar karatu guda saboda rashin kuɗin makaranta.

Wa ya biya wannan alherin, shi ko yarinyar? Mutum na da ikon yin kyauta da abin da iyalinsa za su ci? Har yau unguwa ba ta daidaita a kan wannan ba, shi ma in an tambaye shi sai ya kau da kai.

Goggo Asta kuwa ba ta taɓa gode masa ba. Ta ce da shi: "Ɗana, ni ban ce ka kwance ba."

"Na sani, Goggo," in ji shi. "Da kin ce, wataƙila da na rushe."

Kai ne, Munzali, aka ba gaskiya da guduma a rana ɗaya, ka ajiye su ka ɗauki sifana. Mun gode maka, mun kuma gode wa Hawwa da 'yarta, waɗanda ba a shawarce su ba. Duk wanda hukuma ta ba dama a kan maƙwabcinsa a wannan zamani na matsi, ya shiga lungun nan tukuna. Yara uku na kwana a ɗakin.